Tarihin Bairos Ɗin da Aka Mayar Ɗan Dako

Ranar 2 ga Maris, 2021, jirgin sama ya sauka a Abuja ɗauke da allurar riga-kafin korona kusan miliyan 4, wadda aka haɗa a birnin Pune na ƙasar Indiya. Ita ce allurar jami'ar Oksfod da kamfanin AstraZeneca. Bayan kwana uku aka fara yi wa ma'aikatan lafiya, washegari kuma Shugaba Buhari da mataimakinsa suka miƙa nasu damatsan a gaban 'yan jarida. Kafin allurar ta iso nan Sabo, labarinta ya riga ta. A rumfunan kasuwa da kara da teburin mai shayi magana ɗaya ce ke yawo, wai a cikinta akwai ƙwayar cutar biri, kuma in ta shiga jikin mutum za ta yi ta hayayyafa har ta illata shi, ko ya shafa wa iyalinsa.

Rabin farko na wannan magana gaskiya ne. Akwai bairos a cikin allurar, kuma asalinsa daga jikin biri aka samo shi. Rabi na biyu ne ba haka yake ba, domin wannan bairos ba ya iya haihuwa a jikinmu. Yanzu korona ta lafa, ita kanta allurar an daina yin ta, amma dabarar da aka haɗa ta da ita tana nan, kuma da ita ake gina wasu alluran da za su zo mana nan gaba. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi tarihin abin tun daga tushe, don ranar da aka sake kawo irinta mu san abin da za mu tambaya.

Tambaya kuwa haƙƙinmu ce. Duk mai dangi a Kano ya san abin da ya faru a 1996 lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara wajen 200, 11 daga cikin yaran gwajin suka rasu, shari'a ta yi ta jan ƙafa har 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ai sai ya gudu. Sai dai mun kuma ga abin da gudu ba bincike ya jawo. A 2003 wasu jihohin Arewa suka dakatar da ɗigon shan inna, cutar ta sake bazuwa, har irinta ya kai ƙasashe masu nisa kamar Indonesiya. Yarda ido rufe da ƙi ido rufe duk sun taɓa cin mana 'ya'ya.

Baƙon da ke shiga da takarda

Kafin mu shiga tarihin, bari mu san shi kansa bairos. Jikin ɗan Adam an gina shi da wasu ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, masana na ce musu sel. Kowane sel kamar ƙaramar masana'anta yake. A tsakiyarsa akwai ofis inda ake ajiye rubutaccen umarni, wato DNA, kuma ma'aikatan ciki suna ƙera duk abin da rubutun ya ce a ƙera. Shi bairos ba ya ci, ba ya sha, ba ya girma. Ɗan ƙoƙo ne kawai da takardar umarni a cikinsa. Ƙwayar taifot tana iya rabuwa gida biyu da kanta, shi kuwa ba ya iyawa. Sai ya kutsa cikin sel, ya miƙa takardarsa, ma'aikata su bar aikin gida su koma ƙera masa 'ya'ya dubbai, sel ɗin ya fashe, 'ya'yan su nufi maƙwabta. Kun ga ke nan haihuwar bairos duk a takardar take. Wanda ya iya taɓa takardar ya iya taɓa haihuwar.

A 1953 wani likita ɗan Amurka, Wallace Rowe, da abokan aikinsa suna ajiye da wata tsoka da ake cire wa yara a bayan hanci, saman maƙogwaro. Sai suka lura tana lalacewa da kanta a cikin kwalba. Da suka bincika suka tarar da wani bairos da ba a san shi ba, wanda daga baya aka raɗa masa suna adeno, daga sunan tsokar. Ashe tsohon baƙonmu ne. Yana da iri fiye da 50 a jikin mutane, yana kawo mura da ciwon maƙogwaro da jan ido da gudawar yara. Masana suka ga yana da wasu halaye masu amfani. Ya ƙware wajen shiga sel, yana da sauƙin renawa a ɗakin gwaje-gwaje, kuma takardarsa, mai harufa wajen 36,000, ba ta saba cuɗanya da DNA ɗin mutum ba, gefe guda take zama.

Da aka ci gaba da karanta takardar sai aka gane ba a lokaci ɗaya take aiki ba. Akwai wani yanki a farkonta da aka ba lamba E1. Shi ake fara karantawa, kuma abin da aka ƙera daga gare shi ne ke buɗe sauran shafukan, ya kuma tilasta wa sel ya shiga kwafar takardar bairos. In babu E1, sauran shafukan suna nan a rufe. To, daga nan tunani ya zo: me zai hana a yage wannan shafin farko, a liƙa saƙon da muke so a gurbinsa? Bairos zai ci gaba da shiga sel kamar yadda ya saba, ya kai saƙo, amma ba zai haihu ba. Mu da muka san kara ba sai an yi mana dogon bayani ba. Dandaƙaƙƙen sa yana jan amalanke, yana huɗa, amma garke ba ya ƙaruwa da shi.

Sai dai akwai wata matsala. Abin da ba ya haihuwa, ta yaya za a samu da yawansa har a cika kwalabe?

Shafin da aka bari a masana'anta

Amsar ta fito daga birnin Leiden na ƙasar Holan. A 1973 wani masani ɗan Kanada, Frank Graham, yana aiki a ɗakin binciken Alex van der Eb. Ya daddatse takardar adeno mai lamba 5, ya zuba gutsattsarin cikin sel-sel na ƙodar ɗan tayi. A ɗaya daga cikin gwaje-gwajensa wani gutsure ya manne a jikin DNA ɗin sel ɗin, kuma gutsuren nan shi ne mai ɗauke da E1. Sel-sel ɗin suka ci gaba da rabuwa ba tsayawa, kowane da kwafin shafin a cikinsa. Aka kira su HEK293, aka buga labarinsu a 1977. Har yau jikokinsu na nan a ɗakunan bincike ko'ina a duniya.

Ga yadda abin ya daidaita. In aka zuba bairos marar E1 cikin tankin da ke cike da waɗannan sel-sel, sai ya tarar da shafin da ya rasa yana jiran sa, ya haihu son ransa. Sai a tace shi, a wanke, a ɗura a kwalba. Shafin kuwa yana can a jikin sel-sel ɗin masana'anta, bai biyo shi cikin ƙoƙonsa ba. Jikinmu ba shi da wannan shafi. Saboda haka bairos ɗin da ya haihu a tankin Pune, in ya shiga damtsen mutumin Sabo tafiya ɗaya tak yake yi.

Batun ɗan tayi yana tsaya wa mutane a rai, kuma ba abin ɓoyewa ba ne. Ɗan tayi guda ne, na cikin da aka zubar a Holan a farkon shekarun 1970. Ba a neman wani sabo don haɗa allura, sel-sel ɗin da ake amfani da su yau tsatson waɗancan ne da suka yi ta rabuwa a kwalba tsawon shekara 50. Su kansu ana tace su a fitar, abin da kan rage burbushi ne da hukumomi suka ƙayyade iyakarsa. Hukumomin Saudiyya ma sun sa allurar AstraZeneca da ta Johnson & Johnson cikin waɗanda suka karɓa daga masu shiga ƙasar.

Tuntuɓe biyu

Tafiyar ba ta zo da sauƙi ba. Da farko ba don riga-kafi aka fi sa rai da wannan ɗan dako ba, an so ne ya kai gyara ga masu cututtukan gado. A Satumbar 1999, a jami'ar Pensilbaniya ta Amurka, aka ɗura wa wani saurayi ɗan shekara 18, Jesse Gelsinger, adeno marar haihuwa ta jijiyar hanta. Bayan kwana huɗu ya rasu. Abin da ya kashe shi tunzurin garkuwar jikinsa ne, domin yawan da aka ɗura masa ya ninka na allurar riga-kafi sau ɗaruruwa, kuma kai tsaye cikin jini. Wannan mutuwa ta girgiza fannin, aka tsaurara dokokin gwaji. Masu riga-kafi kuwa suka ɗauki wani darasi daban. Tun da jiki yana zabura haka in ya ga adeno, to kaɗan daga cikinsa a tsokar damtse zai isa ya farkar da garkuwa.

Tuntuɓe na biyu ya zo a 2007. Kamfanin Merck ya ɗora saƙon ƙanjamau a kan adeno mai lamba 5, ya gwada a kan mutum wajen 3,000. A Satumba aka tsayar da gwajin. Allurar ba ta kare kowa ba, kuma a wani rukuni na mazan da jikinsu ya riga ya san lamba 5, kamuwa da cutar ma ta fi yawa. Wannan ya jawo hankali kan wata damuwa da ta shafe mu kai tsaye. Mafi yawan manya a ƙasashenmu na Afirka sun taɓa yin murar lamba 5 tun suna yara. Jikinsu ya san fuskar ɗan dakon, yana tare shi tun a bakin ƙofa kafin ya miƙa saƙo.

Sai aka shiga neman ɗan dakon da jiki bai sani ba. Wasu masana a Leiden suka zaɓi adeno mai lamba 26, wanda bai yaɗu kamar lamba 5 ba, kuma a kansa aka gina allurar Johnson & Johnson da ta iso Najeriya a Agustan 2021. Cibiyar Jenner ta jami'ar Oksfod, inda Adrian Hill da Sarah Gilbert ke aiki a lokacin, ta juya ga birin nan da ake kira cimfanzi, wanda shi ma yana da nasa adeno mai sa shi mura. Suka cire masa E1, suka ƙara cire wani yanki mai lamba E3 da ke taimaka masa ɓuya daga garkuwar jiki, suka kira shi ChAdOx1. An buga bayaninsa a 2012. Dalilin biri ke nan, an zaɓe shi ne don baƙo ne ga jikinmu.

A wannan shekarar ta 2012 wata cutar numfashi mai suna MERS ta ɓulla a Saudiyya, ana ɗaukar ta daga raƙuma, kuma 'yar gidan su korona ce. Mutanen Oksfod suka ɗora saƙonta a kan ɗan dakonsu, suka fara gwada ta a jikin mutane a 2018. Saboda haka da masanan ƙasar Sin suka fitar da takardar sabuwar korona a Janairun 2020, ɗan dako na nan a shirye, kaya kawai aka sauya masa. Ranar 23 ga Afrilu, 2020, aka yi wa mutanen farko, ranar 30 ga Disamba Birtaniya ta amince da ita. Masu cewa an yi gaggawa suna ƙirga wata takwas ne, alhali harsashin ginin tun 1953 ake haƙa shi.

Abin da ke faruwa a damtse

A kowace allura akwai ƙwayoyin bairos wajen biliyan 50. Adadin yana da ban tsoro, amma shi kansa shaida ne. Bairos mai haihuwa kaɗan ake buƙata, shi zai ninka kansa. Wanda ba ya haihuwa dole a zuba shi da yawa, don abin da aka zuba shi ke nan. Kowace ƙwaya in ta dace ta shiga sel guda, ta kai takardarta ofis. Sel ya karanta saƙon da aka liƙa, wanda ke cewa a ƙera ƙayar nan da ke jikin korona, wadda take maƙale sel da ita. Sel ya ƙera ƙayar, ya baje ta a bayansa. Dakarun garkuwa su gan ta, su haddace kamanninta, su ƙera makaman da suka dace da ita. Zazzaɓi da ciwon jiki na kwana ɗaya ko biyu da wasunmu suka yi, wannan aikin ne ke gudana. A hankali jiki ya share sel-sel ɗin da suka karɓi saƙon, takardar ta tafi tare da su, haddar ta zauna.

Don haka ƙofa biyu ce a rufe. Adeno ba zai haihu ba don babu E1. Korona ma ba za ta fito ba, don umarnin ƙayarta kaɗai aka ɗauko daga takardarta mai harufa kusan 30,000. Da ƙaho ɗaya ba a haɗa sa. Wanda aka yi wa allurar ba shi da abin da zai shafa wa matarsa ko jaririnsa.

Inda haɗarin gaske yake

To, shin shafin nan ba zai taɓa komawa cikin bairos ba? Masana sun daɗe da sanin cewa a cikin tanki hakan na iya faruwa jefi-jefi, in bairos ɗin lamba 5 ne kuma ana renon sa a HEK293, domin gefunan takardun biyu sun yi kama, suna iya musanyar yanki. Saboda wannan ne a shekarun 1990 aka ƙirƙiri wasu sel-sel a Leiden, PER.C6, waɗanda aka datse shafinsu yadda ba zai yi kama da gefen bairos ɗin ba, kuma da su Johnson & Johnson ya yi aiki. Adeno na biri shi ma rubutunsa ya bambanta da na lamba 5, musanyar ta yi wuya ƙwarai. Duk da haka doka ta ce a gwada kowane zubi kafin ya fita. A Afrilun 2021 hukumar magunguna ta Barazil ta ƙi shigo da allurar Rasha, Sputnik V, tana cewa takardun da aka ba ta sun nuna akwai bairos mai haihuwa a kashin da aka gina kan lamba 5. Masu allurar sun musanta. Ko ma yaya aka ƙare, abin lura shi ne wannan matsala ce ta masana'anta, ana auna ta, kuma hukuma mai ido tana iya tsayar da kaya a kanta. A nan ƙasar aikin NAFDAC ke nan.

Illar da ta tabbata ta wata hanya ta zo. A Maris 2021 Denmak da Norwe da wasu ƙasashen Turai suka dakatar da allurar AstraZeneca saboda wata irin daskarewar jini da ba a saba gani ba. A Afrilu hukumar magunguna ta Turai ta ce akwai alaƙa, amma abin ba safai ba ne. Ƙiyasin Birtaniya ya kama tsakanin mutum 1 cikin 50,000 zuwa 1 cikin 100,000, ya fi taɓa masu ƙarancin shekaru, kuma wasu sun rasu. An ga irinsa a allurar Johnson & Johnson. Bincike ya nuna garkuwar jikin wasu mutane ce ke kuskure ta far wa wani sinadari na jininsu. Birtaniya ta koma ba matasa wata allurar daban. A Mayun 2024 AstraZeneca ya janye tasa daga kasuwa bayan an raba fiye da biliyan 3, yana cewa sababbin allurai sun cika wuri. Muna can muna tsoron haihuwar da ba za ta yiwu ba, alhali abin da ya kamata a sanar da mu shi ne ciwon kai mai tsanani da ya ƙi sauka, ko ciwon ciki, ko kumburin ƙafa, daga kwana huɗu zuwa 'yan makonni bayan allura, wanda maganinsa garzayawa asibiti.

Ba duka ne ba sa haihuwa ba

Kada kuma mu ɗauka duk allurar da ke da bairos haka take. Ɗigon shan inna da ake yi wa yaranmu bairos ne mai rai da aka raunana, yana haihuwa a hanji, kuma a garin da yara da yawa ba su karɓa ba yana iya yawo tsakaninsu har ya sake yin ƙarfi. Allurar Ebola mai suna Ervebo ita ma ɗan dakonta yana haihuwa kaɗan a jiki kafin garkuwa ta gama da shi. An gina ta a Kanada a kan VSV, wani bairos na shanu da dawakai, aka gwada ta a Gini a 2015, aka amince da ita a 2019. Ba mu manta da Yulin 2014 ba, lokacin da Ebola ta shigo Legas, Dakta Stella Adadevoh ta hana marar lafiyar fita daga asibiti, ta rasa ranta cikin mutum 8 da cutar ta kashe a ƙasar nan. A lokacin babu ko allura ɗaya da aka amince da ita. Daga baya aka samu Ervebo, aka kuma samu wata da aka gina kan adeno mai lamba 26 marar haihuwa.

Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, har yanzu yana kashe mutane duk rani daga Ondo da Edo zuwa Bauchi da Taraba. A 2024 an fara gwajin wata allurarsa a Abuja, ita ma a kan VSV aka ɗora ta. Mu da ke safarar hatsi da gari tsakanin Arewa da Kudu, inda ɓera ke bin buhu, wannan magana tamu ce.

Saboda haka, 'yan'uwa, ranar da ma'aikatan lafiya suka sake zuwa ƙofar Sarkin Sabo da akwatin sanyi, mu karɓe su da tambayoyi masu kai. Wane bairos ne ɗan dakon? Mai haihuwa ne ko marar haihuwa? In mai haihuwa ne, yaya batun mai juna biyu da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni? NAFDAC ta duba wannan zubin? Wace alama ce in mun gani za mu koma asibiti, kuma cikin kwana nawa? Ma'aikacin da ya san aikinsa zai amsa su ɗaya bayan ɗaya, wanda bai sani ba kuma sai ya kira na gaba da shi. Allah ya ƙara mana lafiya, mu da iyalanmu.